Obalodi a Bayan Tsohon Direba

Litinin, 10 ga Oktoba, 2016

Na je wurin Solomon da hantsi. Yana nan inda na bar shi ranar Alhamis, kan bencin ƙofar gida, ga rediyo a gefe ba a kunna ba. Tun da matarsa Dorkas ta rasu bara da kaka haka yake. Mutumin da shekara da shekaru in motata ta yi tari shi ke shiga ƙarƙashinta, yana waƙar coci yana zagin kafireta, yanzu sai ka yi masa magana uku kafin ya amsa ɗaya.

Yau dai ya yi magana, har da tsawo. Wai yana so ya je ƙauyensu, can gaba da Ibeto, amma da ƙafa. Na ce da ƙafa kamar yaya, ga mota ga mashin? Ya ce lokacin da ya auro Dorkas mota ba ta shiga garinsu, da ƙafa suka zo Kontagora, ita da ƙunshinta, shi da buhun kayansa. Kullum tana cewa wata rana za su koma ta wannan hanyar su ga ko bishiyoyin da suka huta a ƙarƙashinsu suna nan. Ba su koma ba.

"To ni zan koma mata, Direba," in ji shi.

Na ce ba kai kaɗai ba. Bakina ne ya faɗa kafin gwiwoyina su ji labari. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin hanyar nan a zaune, ban taɓa taka ta ba sai in taya ta yi faci. Amma wallahi na ji daɗi. Idonsa ya ɗan yi haske, na gani. In tafiyar nan ce za ta dawo mini da shi, ko da rarrafe sai an yi ta.

Talata, 11 ga Oktoba

Na gaya wa matata Salihatu. Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, kai da ko masallacin unguwa sai ka tayar da mashin?" Na ce ta zuba ido. Ta ce idon kam a zube yake.

Laraba, 12 ga Oktoba

Na tsara komai a kaina. Solomon ya rame, ba zai ɗauki ko tsinke ba. Jakar goyo ɗaya zan saya, babba, in zuba kayana da nasa in goya. Shi nasa kawai ya jefa ƙafa.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Kasuwa, layin 'yan gwanjo. Wani Abdulsalami ne ke da jakunkuna, ya rataye su jere a igiya. Ya sauko mini da uku. Ta farko irin ta 'yan makaranta ce, na ce ya mayar, ba aji zan shiga ba. Ta biyu ruwan toka, matsakaiciya, tana da bel mai soso da ake ɗaurawa a ƙugu da wani ƙarami a ƙirji. Ba laifi. Ta uku kuwa, Allahu Akbar. Koriya, doguwa, da aka tsayar da ita a ƙasa ta kusa kawo mini ciki. Aljihu ta gaba, aljihu ta gefe, aljihu a cikin aljihu.

Na duba ta yadda nake duba mota kafin in karɓi makulli. Na ja ɗinki, bai motsa ba. Na ja zif sama da ƙasa, yana tafiya sumul. Na ƙwanƙwasa gindinta, akwai ƙarafa biyu a ciki ta wajen baya, na ce to ga sasi, ƙashin bayan mota. Abin da ya gama da ni shi ne igiyoyin da ke jikinta ta waje, sama da ƙasa. Wato in ciki ya cika akwai kariya irin ta saman mota, sai ka ɗaura ƙari a sama. Wanda ya ƙera jakar nan ya san tasha.

Abdulsalami ya ce, "Baba, anya wannan ba ta fi bayanka tsawo ba?" Sau ɗaya ya faɗa. Da ya ga yadda nake shafa ta sai ya koma cewa ai kamar don ni aka yi ta. Ɗan kasuwa ke nan. Na goya ta ba komai a ciki, na je ƙarshen layi na dawo. Ko nauyin hula ba ta yi ba.

Da ita na shigo unguwa a baya, a kan mashin. Kowa ya gani. Na kuma so a gani, gaskiya.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci labari ya riga ni gida. Wai ni Mailafiya zan bi tsohuwar hanyar ƙafa, ta cikin ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kafin la'asar mutum biyu sun yi sallama da leda a hannu.

Ban yi mamaki ba. Duk zamana a tasha ba a taɓa miƙo mini saƙo na ce babu wuri ba. Maganin tsohuwa, kazar mai jego, takalmin ɗan makaranta, duk na kai, ba kuma wanda ya taɓa ɓata a hannuna. Da wannan aka san ni a garin nan, ba da wani abu ba. Na karɓa.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Saƙo na ta zuwa. Sabulu da gishiri na wata da uwarta ke wani ƙauye a hanya. Turmin atamfa. Fitila mai caji. Galan ɗin manja ƙarami, an naɗe bakinsa da leda. Sai maƙwabcina Kawu Baƙo, da sandarsa, ya sa an biyo shi da haƙoran injin niƙa guda biyu, ƙarfe zalla, wai na jikansa ne da injinsa ya tsaya tun damina. "Kai kaɗai na yarda da kai, Mailafiya." To me zan ce wa dattijo?

Na yi lodi yadda aka koya mini. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, abin da ya rage a kariya. Tabarma biyu a naɗe, buta, bargo, duk na ɗaure tamau. Ta tsaya a tsakar gida ita kaɗai ba mai riƙe ta.

Salihatu ta zagaya ta ta ce, "Saura kwandasta." Kishi ne, ita ba ta da irinta.

Talata, 18 ga Oktoba

Na je karɓo kayan Solomon in ƙarasa lodi. Riga biyu, wando, maganin hawan jininsa. Sai wani ƙunshi a zanen Dorkas, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da take zuwa coci da shi. Na miƙa hannu ya janye.

Ƙwarya ce. Wadda ta zo da ita daga gida ranar da suka taho, uwarta ta ba ta. Duk shekarun nan ba ta fashe ba, sai ɗinki ɗaya a baki. Yana so ya mayar wa Priscilla, ƙanwar Dorkas.

Na ce kawo, akwai wuri a saman manja. Ya ce a'a. Na ce zan naɗe ta da bargo, ni fa na kai tiren ƙwai har Yawuri ba wanda ya fashe. Ya ce, "Na ce a'a, Direba." Ya shige ɗaki da abinsa. Na dawo raina ba daɗi. Taimako nake, me ya kawo fushi?

Alhamis, 20 ga Oktoba

Yau muka ce mu gwada ƙafa, mu fita bayan gari mu dawo kafin rana ta yi zafi. Na ce da lodin zan je, a gwada mota da kayanta.

Tun a ɗagawa na san akwai magana. Sai da na zauna a ƙasa na zura hannuwa, Salihatu ta turo ta baya, sannan na miƙe. Bel ɗin da ya kamata ya zauna a ƙugu ya sauka can ƙasa, don jakar ta fi bayana tsawo, kamar yadda aka gaya mini sau ɗaya. Duk nauyin ya koma kafaɗa. Saman kuma yana dukan ƙeyata, ba halin in ɗaga kai. Haƙoran Kawu Baƙo suna ta sara mini gadon baya. Na ce in inji ya yi zafi zai saba.

Mun wuce gidajen ƙarshe, mun shiga gonaki. Dawa ta yi kai, abin sha'awa, amma ni ƙasa kawai nake gani. Solomon na gaba da ƙunshinsa a hammata, shiru. Sai muka zo wani ɗan kwari da ruwa ya haƙa, wanda ko akuya ba za ta tsaya dubawa ba. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka. Ƙafa ta tafi gaba, jaka ta ce baya za a.

Na faɗi rigingine a kanta. Ƙafafu sama, hannuwa sama, kamar kunkurun da aka kifar. Na yi dama ban juyu ba, na yi hagu ban juyu ba. Maɓallin bel ya shige ƙarƙashin tumbi na kasa kamo shi. Manja kuma ya sami hanya, ina jin ɗuminsa yana bin wuyana.

Sai na ji wani sauti. Na ɗauka wata dabba ce. Ashe Solomon ne ke dariya. Ya dafa gwiwa, ya zauna daɓas a kan kunyar gona, yana nuna ni yana cewa, "Obalodi! Direba ya yi obalodi!" Dariya har da tari, har hawaye, daga nan kuma ban san lokacin da hawayen suka zama na gaske ba. Na bar shi ya yi. Ina kwance cikin manja ina kallon sama, rabon da in ji daɗi irin na wannan lokacin na manta. Shekara guda ban ji dariyar mutumin nan ba.

Shi ya kwance ni. Shi ya ja ni na tashi. Hannunsa da ƙarfi, ban zata ba.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Baya ya riƙe. A zaune na yi salla. Atamfar mutane ta sha manja.

Asabar, 22 ga Oktoba

Solomon ya zo duba ni. Da ƙafarsa ya zo, karo na farko da ya tako gidana tun rasuwar. Salihatu ta kawo masa kunu ya shanye tas.

Na fara yi masa bayanin yadda zan gyara lodin, in rage kariya, in matsa bel. Ya bari na gama sannan ya ce in haka ne shi kaɗai zai tafi. Na ce saboda me? Abin da ya faɗa, gwargwadon yadda na riƙe:

"Tun da ta mutu kowa ɗaukar mini kaya yake yi. Yara ba sa bari in ɗaga ko bokiti. 'Yan coci haka. Yanzu kai ma. Ni ba fasinja ba ne, Direba. Da kayana a kaina na zo garin nan. In ba zan ɗauki nawa in koma ba, gara in hau mashin a wuce wurin."

Na ce ai don lafiyarka ne. Ya ce, "Wa ya ɗaga wani shekaranjiya?"

Ya tafi ya bar ni da wannan. Na so in ji haushi, bayan ya hana.

Litinin, 24 ga Oktoba

Mun koma wurin Abdulsalami, mu biyu. Ya ga yadda nake tafiya a karkace bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka.

Wannan karon ban ƙwanƙwasa komai ba. Solomon ya ce a zuba wani abu a ciki kafin a goya, jaka ba kaya ai kowa gwani ne. Aka cusa takalman gwanjo a cikin ruwan tokar nan da na raina. Na goya, na ɗaure ƙugu, na ja na ƙirji. Sai na ji nauyin ya sauka daga kafaɗa ya zauna a ƙugu, ya lafe a bayana kamar goyon da ya yi barci. Na ɗaga kai na ga rufin kasuwa. Na durƙusa na tashi ba wanda ya turo ni.

Solomon ya fi ni tsawo, sai da aka gwada masa huɗu kafin a sami wadda ta zauna. Shuɗiya, zif ɗin aljihu ɗaya ya mutu, ya ce zai gyara. Ya zo da ƙwaryar, ya gwada ta a sama ta shiga daidai, da zanen a kewaye. Wannan ne kawai gwajin da ya dame shi.

Muna fitowa ya tsaya ya sayi rake. Ya ɓalla ya ba ni guntun da ya fi gajarta, wai marar lafiya ba ya shan zaƙi da yawa.

Laraba, 26 ga Oktoba

Ranar wuya. Sabuwar jakar ba ta ɗaukar komai bayan kayana, ruwa, tabarma da ɗan guzuri. Ba kariya. Dole saƙo ya koma.

Na bi gida gida. Bakina ya yi nauyi, ban saba ba. Na ce abin da mota za ta iya kaiwa Ibeto zan haɗa da direbobin tasha, sauran a yi haƙuri. Mai atamfa na sayo mata wata. Yawanci sun ce ba komai, wata ma ta ce da ma ta yi mamakin da na karɓa. Wannan ya ɗan sosa mini rai. Ashe ba wanda zai mutu.

Kawu Baƙo ne ya dube ni ya ce, "Ashe kai ma tsufa ya zo maka, Mailafiya." Na ce ya zo, Kawu. Ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau. Na fito daga zaurensa ina jira in ji kunya ta rufe ni, sai na ji yunwa kawai.

Asabar, 29 ga Oktoba

Salihatu ta wanke koriyar ta cika ta da gyaɗa ta jingine a bayan ƙofa. Ta ce ba ta taɓa samun buhu mai kyau irin wannan ba, in ƙaro mata biyu.

Kullum da safe muna fita ni da Solomon, kowa da jakarsa. Jiya har gonakin da na faɗi. Ya tsaya ya yi wa kwarin gaisuwa.

Litinin, 31 ga Oktoba

Mun taso bayan asuba. Yanzu muna zauren wani mai unguwa, an ba mu tuwon dawa da miyar kuka, rana ba ta faɗi ba tukuna.

Hanyar nan na ɗauka na san ta. Ashe titi na sani. Ta ciki wata duniya ce, ana ta cirar gyaɗa, mata na sussuka, kowa ya gan mu sai ya tsaya. Tsofaffi biyu da jakunkuna a baya. Wani ya tambaya ko 'yan rigakafi ne mu. Da na tsaya sallar azahar Solomon ya zauna gadin jakunkuna yana kore mini awaki.

Kafaɗa lafiya. Ƙugu lafiya. Jakar nan ban da abin cewa.

Talata, 1 ga Nuwamba

Tsamiyar tana nan. Ya gane ta tun daga nesa ya ƙara sauri har na kasa kamo shi. A nan suka ci ɗumamen da ta ƙunso, in ji shi, a nan kuma ta fara yi masa faɗa, wai yana tafiya kamar ba da mace yake ba. Ɗorawar da ke gaba an sare, gona ce yanzu. Ya tsaya a wurin ya ɗan jima, sannan ya ce mu je.

Yau bakinsa bai rufu ba. Labarin Dorkas tun daga safe. Wasu na sani, wasu ban sani ba.

Gwiwar hagu ta fara magana da yamma. Ban gaya masa ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Mun iso. Sauran bayani sai na huta.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Priscilla na ganin zanen ta gane, tun kafin a kwance. Ta rungume ƙwaryar ta zauna a ƙasa. Aka yi kuka, aka yi addu'a irin tasu, na yi tawa a zuciya. Da aka natsu ta dama fura a ciki, ta ce ba ajiya za ta yi ba, yayarta ba ta son abu a ajiye. Solomon ya fara sha ya miƙo mini.

Zai zauna har a gama girbi. Injin ban ruwan wani ya lalace, tun jiya yana can ya baje shi a ƙasa yana zagi. Har da waƙa.

Abin da ban rubuta ba shekaranjiya. Bayan mun wuce Ibeto gwiwar ta kumbura, na koma jan ƙafa. Ba wai na gaza ba ne, da an ɗan huta da na ƙarasa. Solomon ya juyo ya dube ni, bai tambaye ni komai ba, ya zo ya ɓalle mini bel ɗin ƙugu ya zare jakar. Tasa a baya, tawa a ƙirji, kamar mai tagwaye. Ya sare mini sanda. Haka muka shiga garinsu, shi a gaba da kaya biyu, ni a baya da sanda, mutane na fitowa suna kiran sunansa.

Salihatu ta kira jiya ta ce ya jaka? Na ce jaka ta yi. Ba ta tambayi wanda ya shigo da ita gari ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Yau da safe zan koma, mashin zuwa titi sannan mota. Gwiwar ta sace sosai, zan iya ɗaukar abina, ba wani nauyi gare ta ba. Solomon ya ce zai raka ni inda masu mashin ke tsayawa, ya sunkuya ya ɗauki jakata ya rataya. Na buɗe baki. Sai kuma na rufe.

Na bi bayansa hannu sake, ina ta waiwaye kamar na manta wani abu.